Ƙin Yarda da Shakka: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Ƙin yarda hukunci ne da zuciya take yankewa a kan wata magana, cewa maganar nan ba gaskiya ba ce. Shakka kuwa halin wanda bai kai ga yanke hukunci ba ne. A bakin jama'a ana yawan gwama su, domin daga nesa kamarsu ɗaya: mai shakka bai amsa ba, mai ƙaryatawa ma bai amsa ba. Sai an zo wajen aiki ake ganin ratar da ke tsakaninsu.

A ce labari ya shigo tasha da sassafe cewa ambaliya ta cinye gadar da ke kan hanyar wani gari. Direban da ya gaskata zai sauke fasinjansa ko ya sake hanya. Wanda ya ƙaryata zai cika mota ya kama hanya kamar kullum. Mai shakka shi ne wanda zai kashe mota, ya ɗauko waya, ya nemi wani da ya fito daga can. Na farko da na biyu duk sun yanke hukunci, kuma kowannensu zai kwashi asara idan hukuncin nasa bai dace ba. Ashe ƙin yarda ma wata irin yarda ce, wato yarda da kishiyar abin da aka faɗa. Saboda haka yana buƙatar hujja kamar yadda gaskatawa take buƙata. Mutane da yawa suna ganin wanda ya ce "ƙarya ne" ya sauke nauyi daga kansa, alhali wani nauyin ya ɗauka.

Malaman usulul fiƙhi sun daɗe da tsara wannan al'amari. Sun raba fahimtar ɗan Adam mataki huɗu, kuma sikelin mahauci ya isa a gane su. Idan gefe ɗaya ya sauka ƙasa, ɗayan ba komai a kansa, wannan shi ne yaƙini. Idan duka biyun da kaya amma ɗaya ya rinjaya, ɓangaren da ya yi nauyi shi ake kira zanni, wato zato mai rinjaye, wanda aka rinjaya kuma wahami. Shakka ita ce lokacin da sikelin ya tsaya daidai, babu ɓangaren da ya fi. A wannan tsari, mai ƙaryatawa yana da yaƙini ko zato mai ƙarfi cewa abu bai faru ba. Shi da mai gaskatawa, kowa a nasa gefen yake, mai shakka ne a tsakiya.

Fiƙihu bai bar shakka ta tsayar da rayuwa ba. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala a zaure ya san hukuncin mai sallar da ya rasa gane raka'a uku ya yi ko huɗu: zai yi gini a kan ukun da ya tabbatar, ya kawo ɗaya, ya yi sujada ba'adi. Ƙa'idar da aka gina wannan a kanta tana cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu, kuma ma'anarta ita ce kokwanto ba ya rushe abin da aka riga aka tabbatar. Malikiyya suna da wani zance nasu a nan. Wanda ya tabbatar ya yi alwala, sannan ya yi shakkar ko ta karye, a wurinsu sai ya sake, saɓanin mafi yawan mazhabobi. Dalilinsu shi ne abin da ke tabbas a wuyansa sallar ce, kuma ba za ta sauka da tsarkin da ake kokwanto a kansa ba. Amma wanda shakka ta zame wa ciwo, kullum tana dawo masa, an ce ya yi watsi da ita, don wannan ta tashi daga neman gaskiya ta koma wasiwasi.

Duban wata ya fi komai fito da bambancin fili. Idan gajimare ya rufe sama a yammacin 29 ga Sha'aban, ba a ga jinjirin wata ba, washegari ita ake kira ranar shakka. Ba a ce watan bai tsaya ba, cewa aka yi ba a sani ba. Shi ya sa malaman Malikiyya suka hana a azumci ranar da niyyar ko-ta-kwana, amma suka so mutum ya ɗan dakata da cin abinci da safe har labari ya tabbata. Idan shaidu adilai biyu suka tabbatar, ko jama'a masu yawan da ba za su haɗu a kan ƙarya ba, shakka ta ƙare. A Najeriya, jiran da ake yi wa sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato a wannan dare shi ne zaman shakka na gaskiya: kunne na kan rediyo, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Wanda kuwa tun kafin sanarwa ya rantse cewa ba za a ga wata ba, kuma ko mutum ɗari sun shaida ba zai saurara ba, ya bar sahun masu shakka tuni.

Haka abin yake a kotu. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har ya kawar da duk wata shakka mai ma'ana. Alƙalin da ya sallami wanda ake tuhuma ba lallai ne ya gamsu cewa mutumin bai aikata ba. Abin da hukuncin yake nufi shi ne hujjar ba ta kai ba. Malaman hadisi ma ba su haɗa hadisi mai rauni da ƙirƙirarre ba. Na farko ana dakatawa ne a kansa, har yana iya samun ƙarfi idan wasu hanyoyi suka dafa masa. Na biyu an yanke cewa ƙarya aka jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A fagen falsafa, shakka ta taɓa zama makami a hannun masu neman yaƙini. Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya kuma koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya ba da labarin kansa a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Ya fara da tuhumar gaɓoɓin ji da gani. Ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, bayan ɗan lokaci sai a ga ta gusa. Yana kallon tauraro ya gan shi kamar kuɗin dinari, lissafi kuma ya nuna ya fi duniya girma. To, idan hankali ne ya kama ido da ƙarya, wa ya tabbatar babu wani alƙali sama da hankali da zai kama shi ma? Mai mafarki ai yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka. Gazali ya ce ya yi kimanin wata biyu cikin wannan hali, kuma ya fita ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa, ba da jera hujjoji ba. Abin lura shi ne a tsawon wannan lokaci bai taɓa cewa babu gaskiya ba. Damuwarsa ita ce yadda zai tabbatar da ita, kuma shi da kansa ya ɗauki halin a matsayin rashin lafiya da yake neman waraka daga gare shi.

Bayan sama da shekara ɗari biyar, Bafaranshe Rene Dekart ya bi irin wannan hanya da gangan, a littafin da ya fitar a 1641. Ya ajiye duk abin da za a iya shakka a kansa, har ya tarar da abu guda da ya gagari shakka: mai yin shakkar dole yana nan, tunda yana tunani. Daga nan ya sake gini. Malaman tauhidi kuwa, irin su Taftazani da ya rasu a ƙarshen ƙarni na 14, sun bambanta masu musun gaskiyar abubuwa. Akwai Inadiyya, masu cewa babu wata haƙiƙa sam. Akwai kuma La'adriyya, wato 'yan ban-sani-ba, waɗanda suke shakka a kan komai har da shakkar tasu. Kusan wannan layin ne masanin halittu na Ingila Thomas Huxley ya sake ja a 1869, lokacin da ya ƙirƙiro suna na musamman ga matsayin wanda yake ganin ba shi da ilimin tabbatarwa ko korewa, don ya raba kansa da mulhidi mai cewa babu Mahalicci.

A addini, ƙin yarda yana ɗauke da suna mai nauyi, kafirci, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina. Gazali, a wani littafin nasa, Faisalut Tafriƙa, ya mayar da asalin kafirci ga ƙaryata Manzo a cikin wani abu da ya zo da shi, ya kuma ja kunnen masu gaggawar kafirta duk wanda ya saɓa wa mazhabarsu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya lissafa babban kafirci iri biyar: na ƙaryatawa, na girman kai da ƙin bi, na juya baya, na shakka, da na munafunci. Jerin nan yana nuna abubuwa biyu. Na farko, mutum yana iya ƙin yarda ba tare da ɗigon shakka a ransa ba. Iblis bai taɓa kokwanton samuwar Allah ba, ya sani sarai, girman kai ne ya hana shi sujada. Irin wannan ƙin yarda a nufi yake zaune, ba a fahimta ba, shi ya sa ƙarin hujja ba ya yi masa magani. Na biyu, shakkar da malamai suka sa a jerin ita ce wadda mutum ya zauna a kanta game da tushen addini, ya gamsu da zamansa, ba ya neman fita.

Wannan daban yake da tunanin da ke faɗo wa mumini ba da sonsa ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Annabi a kan abubuwan da suke ji a ransu waɗanda suke jin nauyin furtawa, shi kuma ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce alamar tsantsar imani. Suratul Baƙara ta kawo roƙon Annabi Ibrahim na a nuna masa yadda ake rayar da matattu, kuma malaman tafsiri sun bayyana shi a matsayin neman ƙarin natsuwa daga wanda ya riga ya yi imani.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana rikicin da rashin bambancewa yake haifarwa. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗaliban ilmin tauhidi da suke tare talakawa da tambayoyi a kan hujjojin aƙida, duk wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana rusa wannan ra'ayi, yana nuna cewa rashin iya jero hujja irin ta malamai ba shi ne ƙaryatawa ba. Bayan jihadi ya kai ga Borno, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da shugabannin Sakkwato, yana kafa hujjar cewa saɓo da jahilci ba sa mayar da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello ya adana wannan muhawara a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.

Tarihin kimiyya yana da nasa darasin, kuma a nan masana ne suka faɗa tarkon. Har kusan ƙarshen ƙarni na 18, mafi yawan masanan Turai ba su yarda duwatsu suna faɗowa daga sama ba, suna ɗaukar zancen a matsayin camfin ƙauyawa. Da wani dutse ya faɗo a Luce ta ƙasar Faransa a 1768, kwamitin masana da ya bincike shi, wanda shahararren masanin sinadarai Lavoisier yake ciki, ya yanke cewa tsawa ce ta faɗa wa dutsen da dama can a ƙasa yake. A 1794 Bajamushe Ernst Chladni ya fitar da littafi yana cewa daga sararin samaniya suke zuwa, aka yi masa dariya. Sai ranar 26 ga Afrilun 1803, da rana tsaka, duwatsu kimanin 3,000 suka zubo a kewayen garin L'Aigle da ke yankin Normandy. Aka tura wani matashin masani, Jean-Baptiste Biot. Ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar manoma da limaman coci da sojoji da mata da yara, mutanen da babu abin da ya haɗa su, ya tarar bakinsu ɗaya. Ya gwada duwatsun da na yankin, ya ga ba su da dangi a can, kuma babu wata maƙera ko ma'adana a kusa da za ta fitar da irinsu. Rahotonsa ya kashe musun. Masanan farko sun zaci tsantseni suke yi, alhali sun riga sun yanke hukunci ne saboda raina masu ba da labarin. Biot ne ya yi aikin mai shakka, domin shi ya taka ƙafa ya je. 

Akwai kuma shakkar da take da tushe, amma idan aka bar ta ba amsa sai ta daskare ta zama ƙin yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi, iyalai suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna don hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, kuma a wannan tsakani cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya warware matsalar shi ne ɗaukar shakkar da muhimmanci: aka yi gwaje-gwaje, aka tura wakilai waje, aka kawo magani daga Indonesiya, aka koma aiki a Yulin 2004, daga baya kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba. Masu shakka na gaskiya sun miƙa 'ya'yansu. Waɗanda suka riga suka ƙaryata kuwa, kowane sabon gwaji sai su mayar da shi ƙarin shaidar maƙarƙashiya. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Wani lokacin ma da gangan ake sa wa ƙin yarda rigar shakka, don ta fi kyan gani. Tun 1950 binciken Richard Doll da Bradford Hill a Ingila ya danganta shan taba da sankarar huhu, kuma a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Kamfanonin taba ba su tsaya cewa ƙarya ne kai tsaye ba. Sun yi shekaru suna nanata cewa magana ba ta ƙare ba, ana buƙatar ƙarin bincike. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969, wadda ta fito fili daga baya, ta bayyana cewa shakka ita ce hajar da suke sayarwa. Hanya mafi sauƙi ta bambance mai shakka da mai fakewa da ita ita ce a tambaye shi wace hujja ce za ta gamsar da shi. Toma, almajirin Yesu a babi na 20 na Linjilar Yohanna, ya ƙi karɓar labarin 'yan'uwansa, amma ya faɗi sharaɗinsa, wato ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa, kuma labarin ya ce da ya gani ya sallama. Wanda ba shi da sharaɗi ko ɗaya, ko kuma duk lokacin da aka cika masa sai ya ƙirƙiro wani, hukuncinsa ya daɗe da yankuwa.

Saura nau'i guda na ƙin yarda wanda ba ruwansa da hujja, shi ne na kaɗuwa. Ana sanar da mutum rasuwar ɗan'uwansa sai ya ce, "Kai, ba dai shi ba, yanzu fa muka rabu!" Ba ƙaryata mai kawo labarin yake yi ba, zuciya ce ta kasa ɗaukar nauyin a lokaci guda. Likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross, a littafinta na 1969, ta sa musu a farkon halayen da ta gani ga marasa lafiyar da aka shaida wa ajalinsu ya matso. Tarihin Musulunci ya riƙe misali mafi girma. Ranar da Annabi ya yi wafati a Madina a shekara ta 632, Sayyidina Umar ya miƙe yana cewa bai rasu ba, zai dawo. Sayyidina Abubakar ya shiga ɗakin, ya buɗe fuskarsa ya sumbace shi, sannan ya fito ya yi wa jama'a magana, ya karanta wata aya daga Suratu Ali Imrana. Umar ya ce da ya ji ayar ƙafafunsa kasa ɗaukarsa suka yi. Irin wannan ƙin yarda gajere ne, ganin gawa da wanka da jana'iza da zaman makoki suna kawar da shi.

Inda babu gawa kuwa, iyali sukan maƙale a cikin shakka, ba damar makoki, ba damar murna. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce 'yan Najeriya kusan 22,000 ne ke cikin rajistarta na waɗanda suka ɓata, mafi yawansu sanadin rikicin arewa maso gabas. Fiƙihun Malikiyya ya yi wa irin wannan shakka wa'adi. Matar wanda ya ɓata a ƙasar Musulmi takan kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya iyakar iko, idan an rasa labarinsa a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta sami damar yin aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai shekarunsa sun kai iyakar da galibi tsararrakinsa ba sa wucewa, wadda mafi shaharar zance a mazhabar ya ƙiyasta da shekara 70.